Gurbi a Bangon Matakala

Ranar da likita ya gaya wa ƙanena Ambrose cewa zuciyarsa ba za ta kai shi lokacin askin tumaki ba, bai tambayi magani ba, bai nemi lauya ba. Cewa ya yi a tura kujerarsa zuwa ɗakin cin abinci, a ajiye shi gaban bango, kowa ya fita. Ni ban fita ba. Na girme shi, kuma tun muna yara ban taɓa fita don ya ce a fita ba.

Abin da yake kallo zanen bango ne, daga wannan kusurwa har waccan: kwarin Tarnley kakaf, da kogi, da tumaki, da hasumiyar coci can nesa. A gefen dama, ƙarƙashin bishiyar tuffa, matarsa Sybil tana tsaye cikin shuɗiyar riga, ta ɗan waiwayo kamar an kira sunanta. Ta rasu tun 'yarsu Imogen tana koyon magana.

"Yaya," ya ce, ko juyowa bai yi ba, "na tafka wauta."

"Wacce daga ciki?"

"Na sa an zana ta a jikin bango."

Kusan shekara arba'in ina jira ya lura.

Sunana Maud, ni ce 'yar fari a gidan Tarnley. Da mahaifinmu ya rasu, gidan da gonakin da dajin da sarautar duk suka tsallake ni suka sauka kan Ambrose, don shi ne namiji. Ni aka ba ni ɗan gidan bakin ƙofa da butar shayin mahaifiyarmu. Haka tsarin yake tun kakannin kakanni: gida na namiji ne, kuma duk abin da ke manne da gida, gida ne. Mace tana fita da abin da hannu zai iya ɗagawa. Na daɗe da daina jin haushin wannan. Haushi ma ƙarfi yake so, ni kuwa ciwon gwiwa ya cinye nawa.

To, Ambrose bai haifi namiji ba. Imogen ce kawai, ta haura arba'in, ba ta yi aure ba, ita ke riƙe da gonakin tun tana budurwa. Idan ya mutu, komai zai koma hannun Giles, jikan ƙanen kakanmu, wani mutum mai aikin inshora a Landan wanda bai san gaban tunkiya da bayanta ba. Imogen za ta kwashe kayan sawarta da karnukanta ta fita. Wannan bai dame ta ba, ko kuma ta iya ɓoyewa. Abu guda take so daga gidan nan, fuskar uwarta, ita kuwa fuskar tana cikin farar ƙasar bango.

Babu wani hoton Sybil a ko'ina, wannan ma aikin Ambrose ne. Ya hana kyamara shiga Tarnley, wai na'ura ce ta masu gaggawa, ta kama hancin mutum ta bar mutumin. Hoton aurensu guda ɗaya, malafar amarya ta rufe fuskar har haɓa. Shi masu zane ya sani. Duk rayuwarsa ciyar da su ya yi. Ya mayar da bargar dawaki wurin aikinsu, suna zuwa don mako biyu su shekara, su cinye naman barewa, su ƙarar da giyar da kakanmu ya adana, su goge buroshi da labulen ɗaki. Rufin gida yana yoyo, bokitai jere a bene, shi yana can birnin Venice na Italiya yana jayayya a kan launin sararin sama. A jaridu ana kiransa uban masu zane. Ban taɓa jin an tambayi Imogen ra'ayinta a kan wannan suna ba.

Tun tana ƙarama kujerarta ke fuskantar bangon nan. Har yanzu, kafin ta fita wajen tumaki, a tsaye take shan shayinta a gaban bishiyar tuffa. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Mu ba ma faɗin irin waɗannan abubuwa, sai mu yi zancen ruwan sama.

Ranar Lahadi Giles ya zo cin abincin rana. Ba mugun mutum ba ne, abin takaicin ke nan. Da mugu ne da na ji daɗin ƙinsa. Ambrose ya kawo maganar zanen a karkace, Giles ya ajiye cokali da sauri, fuskarsa cike da kirki.

"Haba, 'yar'uwa, ai gidanki ne! Duk ranar da kike son ganinta ki taho. Ki dai buga tarho tukuna, kin san matata Tamsin ba ta son baƙon ba-zata."

"Na gode, Giles," in ji Imogen. "Miƙo min gishiri."

Na dubi hannunta a kan teburi, ya yi fari fat don damƙar wuƙa. Na ji tausayinta har abincin ya fita raina.

An gwada abin da za a gwada. Magini ya ƙwanƙwasa bangon ya ce in aka sa masa ƙarfe zai marmashe kamar tsohon burodi, lauya kuma ya ce ko da ba zai marmashe ba, ba na Ambrose ba ne balle ya yanka. Imogen ta shigo da mai ɗaukar hoto daga gari ta ƙofar baya. Danshi ya riga ya ci fentin, abin da ya fito a takarda tabo ne mai shuɗi a ƙasa. Daga nan Ambrose ya ce a nemo Emlyn Prosser, wanda ya zana bangon, ya sake zana Sybil a kan ƙyalle, abin da za a ɗauka a hannu a fita da shi.

Emlyn ɗan mai haƙar kwal ne daga Wales. Ambrose ya tsinto shi yana saurayi, ya biya masa makaranta, ya kai shi Italiya, ya yi ta cusa shi ga manya har ya yi suna. Sakayyar da Emlyn ya yi masa ita ce faɗa. Rabon da su yi magana an manta, kuma ko su ba na jin suna tuna dalili. Amma ya zo. Motar haya ta sauke shi da jaka ɗaya da akwatin fenti, tsoho tukuf, gilashin idonsa kauri kamar gindin kwalba.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Ambrose, "an ce min mutuwa kake yi. Na ga dai har yanzu ba ka gama ba."

"Kai nake jira. Kullum kai ne ba ka gama aiki a kan lokaci."

"Uwar ɗakina Maud! Har yau shayin gidan nan ruwan wanki ne?"

"Ya ƙaru da sanyi," na ce. "Shigo ka rufe ƙofa."

Ya je gaban bangon, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fenti, ya ja baya, ya sake matsowa. Ya daɗe a haka.

"Wane yaro ne mai girman kai ya zana wannan?"

"Za ka iya kwafa ko ba za ka iya ba?" in ji Ambrose.

"Ni ba na zana zane. Mutum nake zanawa. A samo min mai rai ta tsaya a wurin, ta sa rigar, in ga yadda haske ke sauka a kafaɗa da wuya. Fuskar kuwa tana nan." Ya buga goshinsa da yatsa. "Rani biyu ina kallonta."

Mai rai ɗaya ce a gidan da za ta iya tsayuwa. Aka ciro shuɗiyar rigar daga akwati, asu ya ci gefenta, tana warin maganin ƙwari. Sybil siririya ce, Imogen kuwa ta yi shekaru tana ɗaga tumaki. Rigar ta ƙi rufuwa a baya, ni na kama ta da allurai.

"Gwaggo, na yi kama da buhun dankali da aka yi wa kwalliya."

"Tsaya cak, kar in soke ki."

"Baba, tumaki na haihuwa. Ba zan iya ba shi fiye da safiya ba."

"Tumaki sun san yadda ake haihuwa," in ji Ambrose.

"Ashe? To a gaya musu, don ni ba su nuna min haka ba."

Haka muka shiga hunturun nan. Kowace safiya Imogen ta shigo daga garke, ta wanke hannu, ta sa rigar uwarta a kan takalmin roba, ta tsaya gefen bangon ta ɗan waiwayo. Murhu yana hayaƙi fiye da zafi. Emlyn ya juya mana bayan ƙyallen, ya ce duk wanda ya leƙa zai tattara ya koma Wales. Ni ina saƙa a kusurwa, in tashi in zubar da bokitin da ke ƙarƙashin taga in dawo. Ambrose yana cikin kujerarsa, an lulluɓe shi da barguna, yana ba da umarni a kan zanen da ba ya gani.

"Ka tuna hancinta bai kai na yarinyar nan tsawo ba."

"Na tuna."

"Kuma Sybil ba ta ɗaure fuska haka. Imogen, saki fuskarki."

"Sanyi nake ji, Baba."

Don ya gyara wa Emlyn, dole ya dubi bango, ya dubi 'yarsa, ya sake duban bango. Na san ƙanena. Idan aka ajiye masa abu a gabansa aka ce na kallo ne, babu wanda ya kai shi iya kallo. Matsalar ita ce ba a taɓa ajiye masa Imogen a haka ba. Ita ce mai shigowa ta ce shingen arewa ya faɗi, shi kuma ya ce to, idonsa a kan littafi.

Wata safiya Ambrose ya ƙura wa Imogen ido.

"Mene ne wannan a girarki?"

"Tabo ne."

"Yaushe kika samu?"

"Na faɗo daga keken ciyawa ina 'yar makaranta. Gwaggo ce ta kai ni aka ɗinke."

"Ina ina?"

"Kana Venice, Baba."

Washegari ya tambayi yatsanta da ya karkace, ta ce rago ne ya matse shi da ƙofa. Bayan nan ya tambayi yaushe furfura ta fito mata. Yana tambaya ne da muryar da yake tambayar dillalan zane, a hankali, kamar mai tsoron a ce an riga an sayar. Imogen tana amsawa a gajarce, idonta a kan taga. Sannu a hankali ya daina zancen hancin Sybil. Sai ya zauna kawai yana kallo, har barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe. Na gaji da zaman, na gaji da sanyin, na gaji da ganin abin da ya kamata a yi tun tuni ana yin sa a ƙurarren lokaci.

Dusar ƙanƙara ta fara narkewa ranar da Emlyn ya goge hannu ya ce ya gama. Bai yi wasa ba a ranar, ko shayin bai zaga ba. Ya juyo da ƙyallen, ya koma gefe ya tsaya.

Ba Sybil ba ce. Rigar ce, bishiyar tuffar ce, waiwayen ne, amma matar da ke ciki Imogen ce, da tabonta, da furfurarta, da jajayen hannuwanta da sanyi ya farfasa. Har alluran da na kama rigar da su ya zana. Mace ce da ta gaji, wadda aka kira sunanta ta waiwayo don ta ji wane aiki ne kuma.

"Ina mahaifiyata?" in ji Imogen. Muryarta ba ta yi rawa ba, ƙanƙancewa ta yi.

Emlyn ya cire gilashinsa yana gogewa da rigarsa.

"'Yata, na neme ta. Wallahi na neme ta. Na ɗauka tana nan a kaina, da na je ɗaukowa na tarar ba kowa. Ta bangon kuma idona ba ya ganinta, shuɗi kawai nake gani. Sau nawa na fara ina gogewa. Hannun nan abin da ke gabansa kaɗai ya sani. Ki yafe min."

Imogen ta gyaɗa kai. Ta juya ta dubi bango, ta daɗe. Ni na san abin da ta rasa a wannan lokacin, kuma na ji kamar in kwaɗa wa tsofaffin nan biyu sandata.

Ambrose kuwa bai ma ji su ba. Ya sa an matso da kujerarsa. Hawaye yana bin kumatunsa, abin da ban gani ba ko ranar jana'izar Sybil.

"Emlyn," ya ce, "duk abin da ka zana a rayuwarka shirme ne in aka ajiye shi kusa da wannan."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"A kira kafinta. A matakala za a kafa shi. A gurbina."

Na ajiye saƙata. A bangon matakalar Tarnley ake jera masu gidan, kowane da matarsa, tun daga na farko mai gashin aro. Ba a rataye su, da ƙusoshin tagulla ake kafe su, kuma duk abin da ya hau bangon nan ya zama na gida har abada. 'Ya mace da aka haifa a gidan ba ta taɓa hawa ba. Ni ban hau ba, gwaggonninmu ba su hau ba. A can sama, kusa da mahaifinmu, akwai gurbi guda da aka bar wa Ambrose. Mutumin da ya ciyar da masu zane fiye da kowa a ƙasar nan bai taɓa zama an zana shi ba, kullum sai ya ce baɗi.

"Ambrose," na ce, "kanka ɗaya kuwa? Don me aka ɗauko mutumin nan daga Wales? Don yarinyar nan ta samu abin da za ta fita da shi a hannu. Ka kafe shi a matakala, ya zama na Giles. Wautar da ka yi da uwar ita za ka maimaita da 'yar?"

Ya dube ni kamar yaron da aka kama da hannu a kwalbar zuma. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Sannan ya juya ga 'yarsa, ya yi magana a hankali.

"Gaskiyar Yaya ce. Naki ne, Imogen. Ki tafi da shi. Ni dai... so na yi ki zauna a gidan."

Imogen tana tsaye cikin rigar da ba ta rufe ba.

"A kira kafintan," ta ce.

"Ke!" na ce.

"Gwaggo, zo ki cire min alluran nan, akwai tunkiyar da ta kwana tana naƙuda."

Da yamma aka kafa shi. Ambrose ba ya iya hawa bene, sai aka ajiye kujerarsa a gindin matakala yana ɗaga kai, yana ce wa kafinta ya ɗan ɗaga hagu, a'a, ya yi yawa. Kowace rana bayan wannan nan yake sa a kai shi. Ɗakin cin abinci bai ƙara tambaya ba. Emlyn ya koma Wales, ya ƙi karɓar komai sai kwalba ɗaya daga ragowar giyar kakanmu. Ambrose ya rasu ana saura kaɗan a fara askin tumaki, yadda likita ya faɗa. A rayuwarsa wannan ne karon farko da ya yi abu a kan lokaci.

Giles ya ba ta wa'adi mai yalwa, don na ce ba mugu ba ne. Imogen ta samu aikin kula da gonar wani a arewa. Ranar tafiyarta ta sha shayinta a tsaye gaban bishiyar tuffa, ta wanke kofin, ta kife shi. Ni ina jiranta a zaure. Kayanta kaf sun shiga bayan tsohuwar motarta, har da sauran wuri ga karnuka.

Na riƙe maganar tun hunturu, a nan ta ƙwace min.

"Kin shigo ba ki da uwa, kin fita ba ki da ita, ga shi kin bar musu kanki a bango. Me ya sa kika yarda? Ai ya ce ki ɗauka."

Ta ɗaga kai ta dubi saman matakala, inda take tsaye da jajayen hannuwanta a ƙarshen layin mazan nan masu takubba.

"Me zan yi da fuskata, Gwaggo? Ina da madubi." Ta gyara igiyar kare a hannunta. "Tun da aka haife ni kowa ya san fita zan yi. Baba ma ya sani, bai taɓa cewa komai ba. Sau ɗaya ya ce yana so in zauna. Sai in ce masa a'a?"

Ni babu wanda ya taɓa gaya min haka, ko sau ɗayan.

Giles ya fito da gudu don ya buɗe mata ƙofar mota, yana ta nanata cewa gidanta ne, ta zo duk lokacin da ta ga dama, ta dai buga tarho. Ta ce to. Na tsaya har motar ta wuce ɗan gidana ta fita ƙofa.

Ba ta taɓa buga tarhon ba. Ni nake hawa can duk Lahadi, da sandata, ba na kuma sanar da kowa, Tamsin ta gaji ta ƙyale ni. Ina leƙa ɗakin cin abinci, inda danshi ya kai wa Sybil har wuya. Daga nan in ja gwiwoyina zuwa saman matakala in zauna a kan ta ƙarshe in huta. Rufin wajen yana yoyo, daidai saman gurbin. Na gaya wa Giles ya fi a ƙirga, ya ce za a duba. Kafin a duba, ni nake zubar da bokitin.